Hoton da Muka Bari da Giɓi

Jama'a, akwai wata hanyar yin hoto wadda ba ta bukatar alkalami ko tawada. Sai mutum ya tara guntayen takarda da ƙyalle da fata, ya yanka da almakashi, ya liƙa bisa kwali, har sura ta fito. A Faransa aka ɗaukaka wannan sana'a, a hannun Picasso da Braque, cikin 1912. Mu masu koyon zane mukan ce da ita hoton liƙe-liƙe.

To, malaminmu na tsara zane ya umurce mu mu yi hoton arzikin Kano ta wannan hanya, amma da sharaɗi guda: kada mu liƙa kome sai abin da aka yi a Kano. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne, muka ɗauki buhu muka bazama unguwannin masana'antu.

A Challawa, inda majemu su ke, aka ba mu yankakken fata har buhu ya yi nauyi, ja da baƙi da ruwan ƙasa. Muka kuma ga ruwan jima yana malala zuwa kogi, warinsa ya bi mu har gida. A Sharaɗa muka sami leda da ɓaraguzan roba iri iri. Saura ƙyalle. Muka nufi Bompai, wadda ta girme su duka, muka tarad da masaƙun da aka kwatanta mana a rufe, ciyawa ta cinye bakin ƙofa. Tun daga wajen 1990 ƙarancin lantarki da arahar yadin waje suka yi ta durƙusad da irinsu.

Ku duba fa! Cikin 1851 Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano ya rubuta cewa tufafinta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Da muka zauna liƙi, sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce a sayo atamfar Sin a Kantin Kwari a cike wurin, wa zai gane? Waɗansu suka ce hoton da ya yi ƙarya ba shi da amfani, ko da ya yi kyau. A ƙarshe muka yi ganuwa da fata, muka yi kogi da baƙar leda, muka yi sama da shuɗin ƙyalle na marinar Ƙofar Mata. Wurin masaƙu kuwa muka bar kwali tsirara, gwargwadon tafin hannu.

Duk wanda ya zo kallo, a kan wannan giɓi ya ke fara ɗora yatsa, ya ce, "Nan fa, me ya faru?" Gani ya kori ji.

Ya ku 'yan makaranta, mu dai da almakashi da ƙaro muka iya nuna giɓin. Cike shi kuwa sai wanda ya koyi saƙa da gyaran inji, watakila yana cikinku. Allah ya sa mu ga ranar, amin.