Sarauniyar Lugu da Faransanci

A nan Furana yaro yakan tashi da Hausa a gida, Larabci a kan allo, Turanci a firamare. Shi ya sa labarin marubuciya Aki Shimazaki bai zame mini baƙo ba. An haife ta a Gifu ta ƙasar Japan a 1954, ta koma Kanada a 1981. Sai da ta kai shekara 40 ta fara koyon Faransanci, kuma da shi take rubuta labaran mutanen ƙasarta.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Abdoulaye Mamani na Nijar, ɗan jam'iyyar Sawaba, wanda siyasa ta sa ya yi shekaru yana gudun hijira, har Aljeriya. A 1980 ya fitar da littafinsa a kan Sarauniyar Lugu, wadda ta ja daga da sojojin Faransa a 1899. Da harshen waɗanda suka ƙone garinta ya ba da labarinta. Ban ga laifinsa ba. Da Faransanci ya yi karatun boko, kuma ta nan labarin ya kai ga mai shirya fim Med Hondo, ya mayar da shi fim a 1986.

Abin da ke damuna shi ne mu. Daga Makarfi zuwa Ikara, mutum nawa za su iya karanta littafin? Labarin ƙasar Hausa ne, amma sai mun nemi tafinta. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993. Ina fata wata rana in ga littafin da Hausa a hannun ɗaliban sakandarenmu.