Farfela ta tsayar da mu a Wurno

Da asuba muka bar Sakkwato cikin Hilux mai jan ƙafa huɗu, za mu Boyekai ta ƙasar Goronyo duba gonar albasa. Sammakon dole ne, don a shekarun nan ba mai son magariba ta riske shi a hanyar gabashin Sakkwato.

Kafin mu kai Achida motar ta fara kyarma. Direbanmu mutumin Rabah ne, wanda hira ba ta nisa bai tuna maka garinsu aka haifi Sardauna ba. Nan take ya yanke hukunci: taya ce. Amma sitiyari lafiya lau yake a hannunsa, kyarmar ta ƙarƙashin kujera take tasowa har cikin haƙora. Muka ratse Wurno.

Baƙo a Wurno hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake fara nema, wanda ya rasu a garin a 1837. Mu gareji muka nema. Bakaniken da aka nuna mana dattijo ne, bai ko ɗauki sufana ba sai da ya karɓi makulli ya hau titi da mu. Ya taka totur, kyarma ta ƙaru. Ya ɗaga ƙafa ya sa ta firi, gudun bai ragu sosai ba amma ta lafa.

"Ranka shi daɗe, wagga ba taya ba ta," in ji shi. Ya ce taya ba ruwanta da totur, in ta kai gudun da take rawa sai ta yi, ko ka taka ko ka saki. Abin da ke canza hali idan inji ya ja, farfela za a tuhuma.

Ya tokare tayoyi da duwatsu, ya shige ƙarƙashi ya kama farfelar baya da hannu biyu ya murɗa. Ƙwas, ƙwas. Ya ce in sunkuyo. A bakin kuros ɗin da ke kusa da aksul akwai jan gari kamar barkonon da aka daka, tsatsa ke nan. Giris ya ƙone, 'yan alluran da ke ciki sun cinye juna. Duk da haka bai gamsu ba. Ya kwance farfelar baya gaba ɗaya, ya sa giyar ƙafa huɗu, ta ja da tayoyin gaba kaɗai. Sumul, ko ɗigon kyarma babu.

Abin da ya fi burge ni alli ne. Kafin ya zare farfelar ya ja layi a mahaɗarta, don in kunnuwanta biyu suka saɓa wajen mayarwa, ko da sabon kuros sai ta yi rawa. Bakanike mai gaggawa nan yake kashe wa mutum kuɗi a banza.

Da ya sa sabon kuros ya mayar da farfelar, bayan azahar muka wuce Goronyo, muka hangi madatsar da aka gama a 1984 kan gulbin Rima, muka gangara Boyekai cikin ƙura da warin albasa. Gona kallo ɗaya na yi mata muka juya.

Mai irin wannan mota da ke ratsa fadama, don Allah duk ranar da ta sha ruwa da laka a bi kuros-kuros ɗinta da giris, kuma a fitar da giyar ƙafa huɗu da zarar an hau kwalta.