Laima A Tafin Hannu

Mu mutanen ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari bakin iyakar Nijar, ba saukar ruwan farko ce ke hana mu barci ba, wayewar garinsa ce. Domin a ranar ne kowane magidanci zai yanke shawara: a fito da iri ko a dakata. Wanda ya yi gaggawa rana ta ƙone masa tsiro, wanda ya yi nawa kuma damina ta tafi ta bar geronsa bai nuna ba. Ga shi daminar tamu da ƙyar take wuce wata uku da 'yan kwanaki.

Bara waccan muka ɗanɗana tamu kuɗar. An yi ruwa da daddare, da iska da tsawa, garin ya ɗau sanyi. Da asuba muka saɓa sungumi, yara na biye da ƙwaryar iri. A bakin gona muka tarar da kawunmu a tsugune, ya tura hannu cikin rairayi. Bai tanka mana ba sai da ya tono kamar tsawon yatsa, ya nuna mana farar ƙasa busasshiya a ƙarƙashin mai duhun.

"Malam, wannan ruwan wanke ƙura ne. Laimar ba ta sauka ba."

Muka ce, "Kawu, ai an faɗa a rediyo damina ta kama."

Ya ce, "To, rediyon a gonarka ya kwana?"

Ba mu ji ba, muka shuka tiya uku. Kwana uku gero ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta ɗauke kwana goma sha biyu cur. Abin da ya rage sai 'yan tsiraru a gindin gawo da inda sabara ta tare ƙasa. Irin da muka sake shukawa a kasuwar Alhamis ta Maigatari muka sayo shi, da tsadar da ba mu son tunawa.

Daga nan muka ajiye takardar shaidarmu ta malanta, muka koma ɗaliban kawu. Ashe abin yana da ƙa'ida kamar nahawu. Ba a yarda da fuskar gona, sai an tona, kuma ba wuri ɗaya ba, don tudu da kwari ba sa shan ruwa daidai. Idan laima ta kai taƙi guda, a yi bismilla. Sannan a damƙi ƙasar can ƙasan ramin a matse. In ta zube ta tsakanin yatsu kamar gari, babu komai. In ta dunƙule amma tana buɗe hannu ta wargaje, da saura. Wadda ake nema ita ce ta tsaya curi, shatin yatsu ya fito a jikinta, ta bar sanyi da ɗan duhu a tafin hannu. Ƙasar fadama mai laka kuwa hukuncinta daban. Ita takan dunƙule ko da ruwan da ke cikinta bai isa shuka ta sha ba, don haka sai an murza ta tsakanin babban yatsa da manuni an ga ta miƙe kamar zare. Mu dai mafi yawan gonakinmu jigawa ne, ga saurin shan ruwa ga saurin sakinsa.

Abin da ya ba mu kunya, mai karatu, shi ne da muka koma ga littattafai sai muka iske maganar kawu a ciki. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya ce ba a lissafa damina ta kama sai an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fashin da ya wuce mako guda ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Ruwa milimita 20 kuwa, a busasshen rairayi irin namu, kimanin taƙi guda yake jiƙawa. A 1998 kuma ma'aikatar gona ta Amurka ta buga ɗan littafi mai hotunan hannaye suna matsa ƙasa, don koya wa manomansu abin da dattijon da ya ga farin 1973 da na 1984 ya sani ba tare da ya taɓa riƙe alli ba. Ba mu raina hasashen hukumar NiMet ba, yana da ranarsa, sai dai shi yanki guda yake yi wa magana, ruwan ƙasar nan kuwa yakan jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa.

Bana da aka yi ruwan farko muka fitar da 'yan aji uku bayan makaranta, muka ce kowa ya tona ya matsa. Cikin yara arba'in da wani abu, 'ya'yan manoma kusan dukansu, shida ne suka iya faɗin ko ƙasar ta isa shuka. Wata yarinya daga cikinsu ta ce kakarta ce ta koya mata, kuma ita kakar har sansana ƙasar take yi. Wannan ko kawu bai gaya mana ba. Mun yi da yarinyar za ta kai mu wurin tsohuwar ranar Asabar.