Kukan Watan Oktoba

Kowane wata da abin da aka san shi da shi a ƙasarmu. Oktoba watan girbin hatsi ne da ɗaukewar ruwa, da zafin nan mai nauyi da ke biyo bayan damina kafin iskar hunturu ta sauko. Ga ɗan kasuwa lokacin cinikin kaye da bik da alli ne. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa shi ne watan da albashi ke ƙarewa tun bai shiga aljihu ba. Mu da muka yi aiki a jardan, wato makarantar ƙananan yara masu shekara 3 zuwa 5, abin da muka san Oktoba da shi kuka ne. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan katangar jardan da safiyar ranar komawa lekol ya ji abin da nake faɗi, domin sai ya ɗauka rigakafi ake yi a ciki.

Na shafe shekaru fiye da 20 ina tarbar sababbin yara, da fari a Damagaram, daga baya a Maraɗi, har kunnena ya iya rarrabe kukan. Akwai na fushi, mai birgima da shure-shure, wanda ba ya wuce rabin awa in an bar mai shi ya sauke. Akwai na kwaikwayo: yaro yana wasansa lafiya lau, ya ga na kusa da shi ya ɓare baki, shi ma ya kama masa. Sa'an nan akwai na tsoro, wanda mai yin sa ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakarsa, ya ƙi zama, ya ƙi a cire masa takalmi, saboda a ransa cire takalmi amincewa ne da cewa nan zai dawwama. Wannan na uku shi ne aikinmu, kuma a kansa nake son in yi magana da iyaye.

Ya kamata babba ya tsaya ya duba al'amarin da idon yaro. Ɗan shekara 3 bai san agogo ba. In uwa ta ce masa za ta dawo da sha biyu, daidai yake da ta ce masa baɗi. Abin da ya sani shi ne an kawo shi gidan da bai taɓa gani ba, an damƙa shi ga matar da ba gwaggonsa ba ce, ba innarsa ba, kuma wadda ta kawo shi ta juya baya ta fita. Bai da wata shaida cewa za ta komo. Shaidar sai ta taru a hankali, yau an dawo, gobe an dawo, jibi ma haka, har ya yarda cewa ƙofar da ta haɗiye uwarsa da safe ita za ta mayar masa da ita da rana. Shi ya sa nake gaya wa iyaye su ƙulla alkawarinsu da abin da yaro ke iya gani: "In kun ci gute, kun yi waƙa, Tanti ta ce a ɗauki jaka, za ka same ni a bakin ƙofa." Sa'an nan a cika.

Kakanninmu ba su jahilci wannan rabuwa ba. Yaye ma rabuwa ce, har ta fi ta lekol zafi. To amma ina ake kai yaron da za a yaye? Gidan kaka, wadda ya san muryarta da ƙanshin zanenta tun yana cikin tsumma, kuma ita ke goya shi, ta dama masa kunu, ta kwana da shi a jikinta. Makarantar allo ma ba a jefa yaro cikinta rana ɗaya. Yakan fara da bin yayyensa, ya zauna a gefe yana wasa da ƙasa, wani lokaci barci ya kwashe shi a kan buzun malam, sai bayan ya saba a wanke masa allo. A duka biyun akwai hannun da ya sani tsakaninsa da baƙon wuri. Tsarin lekol ne ya zo mana da rana guda da aka ƙayyade, da ƙararrawa, da ƙofar ƙarfe, muka karɓa ba mu ɗauko wancan hannu mun tafi da shi ba.

Wani abu da ya ba ni sha'awa sa'ad da na karanta shi: binciken da ya zama ginshiƙin ilimin shaƙuwar yaro da uwarsa a Afirka aka fara shi, kuma yaye ne ya jawo shi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Mary Ainsworth, ta zauna a Kampala ta Yuganda a 1954 da 1955. Ta ji labarin cewa mutanen wurin suna tura yaro gidan dangi don ya manta da nono, ta yi niyyar nazarin wannan, sai ta tarar al'adar ta ja baya. Maimakon haka ta riƙa ziyartar iyalai 26 tana kallon zaman jarirai da iyayensu mata, littafinta ya fito a 1967. Ta lura cewa yaron da ya amince da uwarsa shi ne mai ƙarfin halin rarrafawa ya yi nisa yana binciken ɗaki, ya waiwayo ya gan ta, ya ƙara gaba. Tsofaffinmu mata ba za su yi mamakin wannan ba, amma yana da kyau iyaye maza su ji shi, musamman masu cewa rarrashi ne ke lalata yaro.

Babban abin da na yi ta faɗa da iyaye a kansa shi ne sulalewa. Uwa za ta kawo yaro, ta ga hankalinsa ya tafi kan lilo, sai ta yi mini alama da ido ta zame. Ita ta tsira daga jin kuka. Yaron kuwa ya juyo bai gan ta ba, darasin da ya ɗauka shi ne cewa in ya kuskura ya saki zanenta ya yi wasa, ɓacewa take yi. Gobe ba zai kalli lilon ba. Har a gida sai ya riƙa bin ta madafa da banɗaki. Gara a durƙusa a dube shi, a yi masa sallama gajeriya, a tafi yana kallo, ko da zai yi kukan da ya fi na jiya. Jan sallamar ma illa ne: uwar da ta fita ta dawo sau uku tana leƙe ta taga, idonta da ƙwalla, tana sanar da ɗanta cewa wurin abin tsoro ne, tunda ga babba ma ya kasa barin sa.

Akwai kuma gidajen da tun watanni kafin ranture ake gina wa yaro tsoron lekol. In ya yi ɓarna a ce, "Bari dai Oktoba ta zo, mushe zai gyara maka zama." Wanda aka yi wa wannan tanadi, ranar da aka sa masa tabliye aka kama hannunsa, ya san hukuncin da aka daɗe ana yi masa alkawari ne ya iso. Wani Alhaji mai shago a kasuwa ya taɓa kawo mini ɗansa, a gaban yaron ya ce, "Madam, ga shi nan, nama naki, ƙashi nawa." Na ce, "Alhaji, mu nan ba mu da wuƙa." Ya yi dariya, yaron bai yi ba. Sai da muka yi sati uku kafin ya yarda in taɓa kafaɗarsa.

A Berlin ta Jamus, cikin shekarun 1980, masana sun tsara wata hanya da gidajen renon yara da yawa na ƙasar ke bi. Kwana ukun farko uwa ko uba na zuwa da yaro su zauna ɗan lokaci a cikin ajin, babban ya sami kusurwa ya natsu, ba ya tura yaron wasa, ba ya hana shi dawowa jikinsa. A rana ta huɗu ake gwada rabuwar farko, ta ɗan gajeren lokaci, daga yadda yaron ya ɗauke ta ake sanin ko za a yi sauri ko za a ja kwanaki. Ma'aunin da suke dubawa ya burge ni: ba sa jiran ranar da yaro zai daina kuka, suna jiran ranar da zai yi kuka malama ta rarrashe shi ya yi shiru. In ya karɓi rarrashinta, ya sami mutum a wurin.

Na san abin da mai karatu zai ce. Su can malama guda tana da yara ƙalilan, ni kuwa na taɓa riƙe aji mai yara sama da 60, da mataimakiya ɗaya. Ma'aikaci yana da shugaban da ke duba agogo a biro, ɗan kasuwa kuma in bai buɗe shago da wuri ba maƙwabcinsa ya kwashe ciniki. Duk gaskiya ne. Amma mu muna da abin da Bajamushe ba shi da shi, wato gida cike da mutane. Kaka tana nan, gwaggo tana nan, ga ƴar riƙo da yaron ya fi sabawa da ita fiye da kowa. A shekarun da shugabar makarantarmu ta yarda, mukan raba sababbin yara kashi uku, kowane kashi da ranar fara zuwansa, mu shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro don masu rakiya, satin farko kuma a tashi da ƙarfe goma. Bai ci mana ko dala ba. Abin da na ƙi jini shi ne a ɗora ɗan shekara 3 a kan babur ɗin yaron shago ko kabu-kabu a ranarsa ta farko, a sauke shi a ƙofa kamar buhun siminti. Mutumin da zai rufe shago ya tafi ɗaurin aure har Tasawa yana iya ba ɗansa safiya biyu.

Sai maganar harshe. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta ba karatun jardan matsayinsa a tsarin ilimin ƙasa, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma cikin harsunan aiki. Duk da haka har yanzu akwai uban da ke biyan jikkuna masu yawa a jardan mai zaman kansa domin ya ji ɗansa ya dawo gida da Faransanci a satin farko, kuma akwai makarantun da ke sayar masa da abin da yake so. Ban ƙi yaro ya koyi Faransanci ba, da shi na ci abinci. Amma ba a rarrashi da harshen da mai kuka bai sani ba. Yaron da fitsari ya matse shi, bai san yadda zai faɗa ba, ya jiƙa wandonsa a gaban tsaransa, wannan kunyar tana iya sa ya ƙi lekol wata guda. Kafin ranture nakan tambayi uwa kalmar da ake faɗa a gida in za a zaga, da sunan da ake kiran yaron da shi, domin sau da yawa wanda ke kan takardar haihuwa bai taɓa jin sa ba. A gida Baba ne ko Inna, saboda sunan kaka ya ci. In ɗan Zabarmawa ne ko na Buzaye ko Fulani da aiki ya kawo iyayensa, nakan roƙi kalmomi biyar ko shida na rubuta a bayan kaye: ruwa, zo, zauna, sannu, tana zuwa.

Mai ihu ba a manta shi. Wanda nake tsoro shi ne mai shiru, wanda ya zauna inda aka ajiye shi, bai ci gutensa ba, bai nemi kowa ba, aka tashi aka ce wa uwarsa ai ɗanki ba shi da matsala. Irin wannan sai an je an zauna kusa da shi. A kuma taɓa goshinsa, don Oktoba tsakiyar lokacin zazzaɓin sauro ne, kuma na sha ganin abin da aka kira ƙiwa ashe masassara ce.

Akwai abin da ya fi kuka nauyi, ba zan tsallake shi ba. A watan Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan jardan. A watan Nuwamba 2021 aka sake yin irinta a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka tafi, Allah ya jiƙan su. Bayan nan gwamnati ta hana sa ƴan jardan a azuzuwan zana. Babban yaro in ya ga wuta gudu yake yi. Ƙarami yakan tsaya cak, ko ya ɓuya, ko ya nemi babban da ya sani. Saboda haka uban da ya rako ɗansa kada ya tsaya a ofishin biyan kuɗi kawai. Ya shiga ya ga ɗakin da idonsa: da me aka gina shi, ƙofa nawa gare shi, ina take buɗewa, ana kulle ta in an fara darasi, akwai mai tuya ko murhu a jikin katanga, manya nawa ke tare da yaran. Shugabar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

Yawancin yara kan natsu cikin sati biyu zuwa uku, amma kada iyaye su firgita in kukan ya dawo ranar Litinin, ko bayan jinya, ko bayan hutun ƙarshen Disamba, ko in an yi haihuwa a gida. Yakan wuce da sauri a karo na biyu. A bar yaro ya zo da abin da ya ɗauko daga gida, ko ɗankwalin uwarsa ne ko murfin kwano. Wata yarinya ta yi wata biyu tana zuwa da hular babanta a cikin jaka, ba ta taɓa fito da ita ba, takan dai zura hannu ta taɓa.

Lokacin tashi kuma a zo da wuri, ko da a satin farko kaɗai. Yara suna lura da wanda aka fara ɗauka da wanda ya rage. Da ƙarfe sha biyu da rabi fili ya zama wayam, mai gadi ya turo ƙofa ya bar ɗan tsagi, sai ka ga yaro ɗaya a kan benci da jakarsa a cinya, duk babur ɗin da ya wuce sai ya miƙe tsaye.