Shago Na Uku

A Rijiyar Zaki, can gefen Kano, akwai wani gini mai shaguna shida wanda na tashi a inuwarsa. Mahaifina ya kama shago na uku yana ɗinki tun ana noma gero a bayan ginin. Maƙwabcinsa na farko mai kaset ne. Da salula ta shigo a 2001, mai sayar da kira ya gaje shi, sannan mai caji. A ƙarancin kuɗin 2023, mai POS ne sarki. Kowa ya ci zamaninsa ya wuce, keken Baba bai daina kuka ba.

Bara aka sayar da ginin, haya ta ninka. Ranar da muka fitar da keken, na ga gurbin ƙafafunsa huɗu a siminti. Sabon mai ginin ya ce tayil zai rufe su.