Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Shekara da shekaru muna kawo wannan karin magana a aji a matsayin misalin kambamar zulaƙe, wato zancen da aka kai shi inda hankali ba zai ɗauka ba domin a jaddada darasi. To amma tun da muka ɗauki goge duwatsu da inji a matsayin abin ɗebe kewa a lokutan hutu a gida Kafanchan, sai muka fara yi wa maganar wani kallo. Dutse dai ba ya nuna, romo kuma babu. Sai dai akwai tukunya, akwai ruwa da mahaɗi, akwai kuma jiran mako huɗu zuwa shida kafin a sauke.

Injin da muke magana a kai ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yar ganga ce ta roba mai murfi, wadda ba ta wuce babban gwangwanin madarar gari ba, an kwantar da ita bisa sanduna biyu, ƙaramin moto yana juya ta a hankali dare da rana. Akan zuba duwatsu har su kai kashi biyu cikin uku na gangar, a barbaɗa garin gugar, a ƙara ruwa daidai ƙarƙashin duwatsun da ke sama, a rufe. Garin gugar shi ake kira silikon kabayid, wanda wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano hanyar sarrafa shi a 1891. Abin da kogi ke yi wa tsakuwa a cikin ɗaruruwan shekaru, shi gangar ke kwaikwayo a cikin makonni.

Aikin yana farawa tun kafin a kunna inji, wato wajen tsintar duwatsun. Mu dai wuraren tsintarmu su ne bakin rafi a ƙasan magangarar ruwa ta Matsirga, da gindin tsaunin Kagoro, da tarin tsakuwar da tsofaffin mahaƙan kuza suka bari. Da rani ake zuwa, bayan ruwa ya janye. Akan jiƙa dutse a duba, domin launin da ya nuna a jiƙe shi zai nuna idan an goge shi. Daga nan sai a gwada shi da tsinin wuƙa. Wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai a 1812 bisa taurinsu daga 1 zuwa 10: farcen mutum yana wajen 2 da rabi, wuƙa da gilashi wajen 5 da rabi, dutsen ƙanƙara 7, yakutu 9, daimon kuwa 10. Saboda haka duk dutsen da wuƙa ta kasa yi masa zane, ya isa shiga ganga. Ƙa'ida ita ce kada a haɗa mai tauri da mai laushi a tukunya ɗaya, don mai laushin zai narke ya zama laka tun mai taurin bai san an fara ba. Shi kuwa dutsen tsaunin Kagoro, duk da kyan ɗigo-ɗigonsa, yakan fito da 'yan ramuka, saboda ma'adinai iri-iri ne suka haɗu a jikinsa, kowane da taurinsa. Ƙanƙara, fara da mai duhun hayaƙi, ita ce ba ta ba mutum kunya.

Matakan guga huɗu ne. Na farko da gari mai kaushi, mai lamba 60 zuwa 90, shi ke cinye kusurwoyi ya fid da siffa. Yakan ɗauki mako guda, wani lokaci a maimaita shi sau biyu ko uku. Na biyu da mai lamba 220, na uku da mai lamba 500, kowannensu mako guda, kuma aikin kowane shi ne share zanen da na gabansa ya bari. Na huɗu da wani farin gari mai laushi kamar hoda, aluminiyam oksayid, shi ke kawo ƙyalli. Tsakanin mataki da mataki wajibi ne a wanke duwatsun da gangar da murfinta tas, har da burushi, domin ƙwayar gari mai kaushi guda ɗaya tak, in ta maƙale a wani tsagi ta bi su zuwa mataki na ƙarshe, ta isa ta dusashe tukunyar baki ɗaya. Lakar da aka wanke kuma ba a zuba ta a magudanar ruwa, don takan daskare kamar siminti. Wannan daskarewa ita ce babbar fargabar mai wannan aiki a ƙasarmu, inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama: ganga in ta daɗe a tsaye, duwatsun sukan manne a gindinta. Dalili ke nan da ya sa muke lissafi da awa maimakon kwana, mako guda awa 168, muka kuma jona injin da batir da faifan sola.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a duk tsawon wannan aiki ba a ƙara wa dutsen komai. Ba fenti, ba mai, ba rini. Ragewa kawai ake yi, har zanen da ke fatarsa ya ƙanƙance yadda ba zai iya watsa haske ba, sai ido ya samu ya leƙa ciki. Kuma gugar ba ta san rufin asiri ba: yadda take fito da launi, haka take fito da tsagin da ƙura ta ɓoye. Dutsen da ya shiga da girmansa yakan fito ya rame, wani ma ya rabu biyu a hanya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan wasan Turawa ne. Injin nasu ne, amma sana'ar ta daɗe a wannan ƙasa. A 1928 mahaƙan kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok na ƙasar Ham, daga baya a shekarun 1940 Bernard Fagg ya haɗa shi da wani kan mutum-mutumi da aka samu a yankin Jama'a, ya raɗa wa al'adar sunan Nok. Binciken da masana na Jami'ar Frankfurt suka fara a 2005 ya kai farkonta wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A wuraren da ake samun waɗannan sassaƙe akan samu duwatsun ado na ƙanƙara da gatura na dutse da aka wasa sumul, irin waɗanda Bahaushe ke kira gatarin aradu. Da hannu aka goge su, a kan falalen dutse, da yashi da ruwa. Haka nan a Ilori, har zuwa farkon ƙarni na 20, akwai masu sana'ar lantana, wani jan dutse da fataken Hausawa ke kawowa daga bakin kogin Kwara a cikin Nijar ta yau, ana huda shi ana goge shi ya zama abin wuyan sarakuna. Ita ma tsakiyar da kakanninmu mata ke ji da ita, da yawanta daga Kambay ta Indiya ta fito, inda ake zuba duwatsun a jakar fata da garin guga a yi ta mirgina su kwana da kwanaki. Daga baya garin Idar-Oberstein na Jamus ya shigo kasuwar a ƙarni na 19. Ashe gangarmu jikanyar waccan jakar fata ce.

A nan ne abin ɗebe kewa ya zame mana abin tunani. Kudancin Kaduna ƙasar duwatsu masu daraja ce. A shekarun 1980 shuɗin yakutu na Nisama da Antang a yankin Jama'a ya yi suna har a mujallun masana duwatsu na Turai, haka kuma zumurrudun wajen Gwantu. Matasa sukan bar gona, wasu su bar makaranta, su shiga rami da diga da shebur, wani lokaci ramin ya rufta da su. Abin da suka samo, ɗanye suke sayar da shi ga dillali. Dillali ya kai Jos ko Ibadan. Daga can ya haye zuwa Bankok ta Tailan, inda ake gasa shi launinsa ya washe, a yanka shi, a goge. A kowane hannu ya faɗa kuɗinsa na ƙaruwa, kuma mafi tsokar ribar tana hannun mai gamawa. Wanda ya sa ransa a rami shi ke tashi da mafi ƙanƙantar rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce 'yar gangar roba za ta warware wannan ba. Yakutu ba a ganga ake gyara shi ba, a kan faifai mai garin daimon ake yanka masa fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ilimi ne na shekaru. Amma gangar ita ce matakalar farko. Yaron da ya yi wata guda yana kula da ita ya riga ya san tauri da laushi, ya san tsagi, ya san bambancin ƙanƙara da abin da ya fi ta, ba kuma za a saye dutsensa da kuɗin goro ba. Da makarantun sakandare da kwalejojin da ke Kafanchan da Gidan Waya da Kagoro za su ajiye irin wannan inji a ɗakin gwaje-gwaje, da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, tsakuwa kuwa ga ta nan a bakin rafi kyauta.

Daga ƙarshe, ga ɗalibanmu masu aiko wa wannan mujalla waƙoƙi da gajerun labarai, muna da 'yar magana. Da yawan abin da ke iso mu dutse ne mai kyau, amma ɗanye, an haƙo shi da dare an miƙo da safe. Rubutu ma yana da matakansa: a fara daidaita ginin labarin, sannan jimloli, sannan zaɓen kalma, sannan ƙa'idojin rubutu, a kuma bar shi ya huta tsakanin mataki da mataki. Wanda ya tsallake na farko ya yi ta ƙawata kalmomi, kamar mai zuba farin gari ne a kan dutsen da kusurwoyinsa ke nan daram. Kuma kada marubuci ya ji ciwo in shafi goma sun dawo shida. Ƙasar da ta goge ƙanƙara da yashi da tafin hannu shekara dubu biyu da suka wuce, bai kamata 'ya'yanta su ƙosa da aikin mako huɗu ba.