Makarantar da Gwaggona Take Zuwa

A unguwarmu akwai wata ƙaramar makarantar sakandare ta matan da karatunsu ya yanke, kuma gwaggona tana cikinsu. An yi mata aure tana aji uku, sai bayan ta haifi 'ya'ya huɗu ta koma. A ajinsu akwai matan aure da zawarawa da 'yan matan da talla ta hana su karatu. Wasu ma da goyo suke zuwa. Makarantar tana ƙarƙashin Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi.

Wasu yara suna yi musu dariya, wai makarantar tsofaffi. Amma WAEC da NECO ɗin da ke jiranmu su suke zaunawa, kuma su ma sai da kiredit biyar har da Turanci za su shiga jami'a. Da yake ba su da yawa, malamarsu ta san inda kowacce take da rauni. Gwaggo sai yara sun yi barci take bitar karatunta, amma a zangon da ya wuce ita ta zo ta uku a ajinsu.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da ba mu da goyo, mene ne uzurinmu?